Jinka Ba Ta Hawa Da Hannu Ɗaya

 'Ya'yana, yawancinku a ƙarƙashin kwano aka haife ku, saboda haka karin maganar nan ta hannu ɗaya da jinka a baki kawai kuka san ta. Ni da idona na gani, bari in ba ku labari.

A ƙauyenmu, idan kaka ta wuce an kai amfanin gona rumbu, sai magidanta su juya kan gyaran gida. Mai son sabon ɗaki ya riga ya kwaɓa ƙasa, ya yi tubali, ya ta da bango, ya bar shi yana shan rana. Ita jinka a ƙasa ake haɗa ta. Mutum zai yi kwana da kwanaki yana tara gora da kara, yana tufkar igiyar rama, ya kafa tsaiko, ya bi shi da tanka zagaye bayan zagaye, sannan ya baibaye da shuci. Duk shi kaɗai, in ya yi sa'a da ɗansa a gefe yana miƙo masa igiya. Masu wucewa iyakarsu su ce sannu da aiki. Amma ranar ɗorawa, ko shi ne sarkin ƙarfin garin, sai ya fita ya yi wa maƙwabta sallama. Mutum takwas ko goma su kewaye ta, wani dattijo ya koma gefe yana hango inda ta karkace. A yi bisimilla, a ɗaga lokaci guda, dattijon yana cewa, "Ku na gabas, ku ƙara sama kaɗan!" Kafin ka ce kwabo ta zauna daram a kan bango, aikin makonni ya zama ɗakin kwana.

Abin da ya tuna mini da jinka shi ne wata magana da nake yawan ji a bakin tsofaffin ɗalibaina idan sun zo gaishe ni. Bayan an gaisa, an tambayi mutanen gida, sai yaro ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ni fa har yanzu ban san inda na dosa ba." Wani ya gama digiri, ya yi bautar ƙasa, shekara biyu ke nan takardu na kwance cikin jaka. Wani likitanci ya nema, aka ba shi wani kwas da bai taɓa jin sunansa ba, ya karanta don dai kada a zauna. Wata tana da hannu a ɗinki, duk wanda ya ga aikinta sai ya tambayi wa ya yi, amma tana jin kunyar a ce mai digiri ce ke taka keke. Ga waya a hannu, safe da yamma tana nuna musu sa'o'insu cikin mota, a filin jirgi, a wajen biki, kowa kamar ya gama da duniya. Sai zuciya ta ƙuntata, mutum ya fara zaton ko shi aka tsallake ranar rabo.

Ba a tsallake kowa ba. Ku saurari yadda iyayenmu ke magana idan mutum ya dace da hanyarsa. Su kan ce sana'ar ta karɓe shi. Su kan ce nan abincinsa yake. Su kan ce Allah ya yi masa baiwa a wannan fage. Duk cikin maganganun nan babu inda aka ce ya kwanta a ɗaki ya yi ta tunani har ya gano. Sana'a ba ta karɓar wanda bai je mata ba, kuma baiwa kamar ruwan rijiya take, tana nan a ƙasa tun tuni, amma sai an yi haƙa ake ganin danshinta.

Ku ɗauki Alhaji Abubakar Imam, wanda da wuya a sami ɗan makaranta a ƙasar Hausa da bai riƙe Magana Jari Ce ba. An haife shi a Kagara a 1911, ya yi Kwalejin Katsina, ya fito malamin makaranta, yana koyarwa a Midil ta Katsina. A zamanin babu wata sana'a mai suna rubuta littattafan Hausa na boko da yaro zai ce ita yake so in ya girma. A 1933 wani Bature, Rupert East, mai kula da aikin fassara da talifi a Zariya, ya shirya gasar ƙagaggun labarai, ya nemi malamai su gwada. Imam yana ɗan shekara ashirin da biyu ya gwada, ya rubuta Ruwan Bagaja. Yayansa Malam Bello Kagara shi ma ya shiga da Ganɗoki. East ya ga abin da ke cikin saurayin nan, ya nemi a ba shi aronsa zuwa Zariya, suka zauna suka yi aiki tare, aka sami Magana Jari Ce littafi uku. Da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Imam ne editanta na Hausa na farko.

Ku lura da abu biyu. Ƙofar ta buɗe masa ne yana tsaye da alli a hannu, yana yin aikin da ke gabansa da kyau, ba yana zaune a majalisa yana jiran ranar da zai zama marubuci ba. Na biyu, sai da aka sami wani mai ido ya ga baiwar, ya kama hannunsa. Da ya ce shi malami ne, ina ruwansa da tatsuniya, da yau muna da malamin Midil guda wanda babu mai tuna sunansa.

Sai dai kafin jinka akwai bango. Komai kyan baibaya, in babu abin da za a aza ta a kai, iskar bazara ta farko za ta yi gaba da ita. Bangon nan shi ne imani, kuma ina so ku ga amfaninsa a cikin sha'anin yau da gobe. Wanda ya sakankance cewa arzikinsa na hannun Allah ba ya firgita ya faɗa kowane rami don ya ji an ce akwai kuɗi a ciki. Mun ga samari masu kaifin ƙwaƙwalwa sun ƙare a damfarar intanet. Mun ga waɗanda suka zuba kuɗin iyayensu wajen masu cewa kawo dubu ka karɓi dubu biyu. Mun ga waɗanda suka bi ta Agadas za su Libiya, hamada ta haɗiye su. Basira ba ta gaza musu ba. Tsoro ne ya kore su, tsoron kada duniya ta tafi ta bar su. Mai imani kuma yana samun sauƙin hassada, don ya san rabon kwaɗo ba ya hawa sama, motar abokinsa ba ta hana shi barci.

Imani yana gyara tambayar ma kanta. Wanda ya san za a tambaye shi a kan ƙuruciyarsa da iliminsa ba ya tsayawa a kan "me zan samu?" Yakan ƙara da "wa zai amfana?" Da yawa daga cikinku in kuka yi wa kanku tambaya ta biyun da gaske, za ku ga amsar ta daɗe tana zaune a ƙofar gidanku: yaran unguwa da ba su iya haɗa baƙi ba, famfon da ya lalace babu mai gyara, tumatirin da ke ruɓewa a gona don babu mai dabarar adana shi.

Amma kada Shaiɗan ya yi muku wayo ya sa wa lalaci rigar tawakkali. Kun san labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki taguwarsa ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure ta tukuna. Haka istihara. Wasunku sun ɗauka sai an yi mafarki. Raka'a biyu ce da addu'a, ka haɗa da shawarar masana, sannan ka sa ƙafa. In alheri ne a sauƙaƙe maka, in ba shi ba ne a juyar da kai, kuma ka yarda da juyarwar, don wani hani ga Allah baiwa ne.

Yanzu bari in kai ku gidan da nake ganin an haɗa bango da jinka da hannuwan ɗagawa, har ɗakin yana tsaye yau shekara kusan ɗari biyu.

An haifi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Degel wajen 1793, tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hasan. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama, sauran matan Shehu suka rene ta. Tana da shekara goma sha ɗaya ko kusa da haka aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, a farkon 1804. In kun ji an ce 'yar Shehu, kada ku kawo gimbiya a kan kilishi. Shekarun da suka biyo baya na yunwa ne da yawo da zaman ɗar-ɗar. An yi nasara a yaƙin Tabkin Kwatto, amma a ƙarshen shekarar hijirar aka sha wuya a Tsuntsuwa, mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka kwanta dama a rana guda. A 1805 aka sake gamuwa da tsanani a Alwasa. Sai a 1808 Alƙalawa ta faɗi, sannan aka fara gina Sakkwato. Lokacin da 'yan mata ke gaɗa a dandali, ita tana tafiya a ƙasa cikin ayarin masu hijira, tana ganin zawarawa da marayu suna ƙaruwa. A cikin wannan hali ta ci gaba da karatu, domin jama'ar da ta taso a ciki ko hijira za ta yi ba ta barin littattafanta a baya.

Cikin waɗannan shekaru aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Lema, aminin yayanta Muhammadu Bello. Da Shehu ya rasu a 1817 Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo ne wazirinsa. Ku kwatanta irin gidan: manzanni daga sarakunan gabas, masu ƙara, baƙi daga nesa. Har Baturen nan Kilafaton da ya iso Sakkwato a 1824, Giɗaɗo ne ya kula da saukarsa. Ga 'ya'ya maza ana haifa ana reno. Irin wannan gida yana iya haɗiye mace ɗungurungum, ta tsufa tsakanin murhu da rabon tuwo, kuma babu wanda zai ce an yi mata laifi.

Amma Asma'u ta bar mana rubuce-rubuce kimanin sittin, da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ita ce ta mayar da waƙar Shehu ta Tabbat Haƙiƙa daga Fulatanci zuwa Hausa. Babban aikinta kuwa, wanda ake cewa nan baiwarta ta fito fili, bai kankama ba sai da ta kai wajen shekara arba'in. Ku da kuke kuka kun kai ashirin da bakwai ba ku zama komai ba, ku riƙe wannan.

Abin da ta yi, dubawa ta yi ta ga matan karkara, da yawansu yaƙi ne ya kawo su, ba su san Larabci ba, ba su da hanyar zuwa gaban malami, in ciwo ya kama yaro sai wajen 'yan bori. Ba ta tsaya zaginsu ba. Ta zuba ilimin cikin waƙa da harshen da suke ji, yadda mace za ta haddace tana daka ko tana kaɗi: tsarki, salla, tarihin Manzo, sunayen surori, halin kirki. Sannan ta zaɓi dattijai mata masu hankali daga garuruwa, ta naɗa kowace jaji, ta aza mata malfa da jan rawani don a san da izini take tafe. Jaji ta jagoranci tsofaffi da ƙananan 'yan mata su tako har Sakkwato, su ɗauki karatu, su koma su koya wa matan aure da ba sa fita. Su ne 'Yan Taru. Bayan rasuwarta a 1864 'yar'uwarta Maryamu ta ci gaba da riƙon su, kuma tsarin bai mutu ba har zamaninmu.

To, su wa suka ɗaga mata jinkar? Na farko uba, wanda ya karantar da 'ya'yansa mata, ya kuma yi kakkausan suka a rubuce ga malaman da ke tara ɗalibai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu cikin duhun kai. Na biyu yaya. Bello ya rubuta littafi a kan salihan mata na tarihi, ya ba ta ta mayar da shi waƙa don mata su ji. Sarkin Musulmi guda ya san akwai inda alƙalaminsa ba ya kaiwa, na ƙanwarsa yana kaiwa. Na uku miji, kuma shi ne wanda ke tare da ita dare da rana. Giɗaɗo shi kansa malami ne marubuci. Bayan rasuwar Bello a 1837, mata da miji suka duƙufa kan aiki guda, wato adana tarihin Shehu da Bello kafin waɗanda suka gani da ido su ƙare. Shi ya rubuta da Larabci a zube, irin su Raudul Jinan, ita ta tsara da waƙa. Gona ɗaya, kowa da kunyarsa. Da ya riga ta rasuwa da shekara fiye da goma, ta yi masa marsiyya. Ɗansu Abdulƙadir ya zama waziri, wazirci ya zauna a zuriyar, kuma a hannun Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, aka sami da yawa daga takardunta a adane, har masu bincike irin su Jean Boyd suka tattara su duniya ta gani. Kabarinta na nan a Hubbare kusa da na mahaifinta.

Ɗana, tsaya ka yi wa kanka wannan tambaya. Da Asma'u ta faɗa hannun namijin da yake jin an rage masa tsawo in aka zo neman fatawa wajen matarsa, me za mu sani game da ita yau? Ko asarar ma ba za mu san mun yi ba. Asma'u nawa muka binne da ransu a cikin gidajenmu?

Shehu da Bello da Giɗaɗo kuwa a ina suka koyo? A gidan da ya fi kowane gida. Annabci zaɓin Allah ne, ba a nemansa, ƙoƙari ba ya kai mutum gare shi, saboda haka ba ina kwatanta shi da neman sana'a ba ne. Darasin da nake so mu ɗauka yana wajen Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda. Ranar da wahayi ya fara sauka a Kogon Hira, Manzon Allah yana da shekara arba'in, ya dawo gida jikinsa na rawa, ya nemi a lulluɓe shi. Ku dubi abin da ta yi bi da bi. Ta lulluɓe shi, ta bari hankalinsa ya kwanta, ba ta tsare shi da tambaya ba. Da ya faɗa mata tsoron da ya ji, ba ta yi masa lallashin fatar baki ba. Halayensa ta lissafo masa, waɗanda ta shekara goma sha biyar tana gani: sada zumunci, ɗaukar nauyin marar ƙarfi, girmama baƙo, tsayawa wanda masifa ta faɗa wa. Da su ta kafa hujja cewa Allah ba zai tozarta mai irin wannan hali ba. Sannan ta san iyakar saninta, ta kai shi wajen ɗan baffanta Waraƙa ɗan Naufal, tsoho masanin littattafan da suka gabata.

Kuma ba a daren nan ta tsaya ba. Attajira ce, dukiyar ta ƙare a kan wannan tafarki. Da Ƙuraishawa suka ƙaurace musu wajen shekara uku, aka tsare su a kwarin Abu Ɗalib har ana cin ganye, tana ciki da tsufanta. Ba a daɗe da fitowa ba ta rasu, shekara guda da Abu Ɗalib, aka kira ta Shekarar Baƙin Ciki. Shi kuma bai manta ba. Shekaru bayan rasuwarta, in an yanka akuya a gidansa sai ya aika wa ƙawayenta.

Ni kaina, a ɗan ƙaramin matsayina, na ɗanɗani irin wannan. Likita na so zama. Sau biyu ina zama jarrabawa ban samu ba, na shiga makarantar horon malamai da fushi a zuciya. Aka tura ni wani ƙauye, na yi shekara biyu ina ƙirga kwanaki. Daga baya aikin ya fara shiga raina, amma sai aka shiga wani lokaci da albashi ke yin wata uku bai zo ba. Na fara bin wani abokina fatauci ranar Asabar da Lahadi, kuɗi suka fara shigowa, har na rubuta takardar barin aiki na sa a aljihu. Daren da zan kai ta, uwar 'ya'yana ta ajiye mini tuwo ta zauna, ta ce, "Malam, na san fuskarka in ka dawo daga aji, na kuma san fuskarka in ka dawo daga kasuwa. Ba mutum ɗaya ba ne. In don cefane ne, ka bar mini zuwa kaka." Ta sayar da akuyoyinta biyu ta kama sana'ar ƙuli-ƙuli. Takardar nan ban kai ta ba. Na yi shekara talatin da biyu ina koyarwa, kuma yau in ciwo ya kai ni asibiti, sau da yawa likitan da ke duba ni yakan miƙe tsaye ya ce, "Malam, ba ka gane ni ba?" Ashe likitancin da na nema an ba ni, ta wata ƙofar. Ita ta gani kafin in gani.

Saboda haka, ɗana, in ka je zance kada hirar ta ƙare a kan kalar lefe. Tambaye ta abin da take so ta zama, kuma ka saurara. In ka yi alkawari a zauren mahaifinta cewa za ta ci gaba da karatu, ka sani Allah ya ji, kada amarci ya wuce ka ce ba ka san zancen ba. Ilimin matarka da sana'arta inuwa ce da 'ya'yanka za su sha. Ke kuma 'yata, kada ƙarar mota ta hana ki jin halin mai ita. Bincika yadda yake da ƙannensa mata, ya bar su sun yi karatu ko shi ne mai hanawa? Yana da abin yi komai ƙanƙantarsa? In kin sami mai gaskiya da sana'a yana kan tasowa, kada ki tura shi cin bashi don ki yi gasa da ƙawaye. Kalmar da za ki faɗa masa ranar da ya dawo hannu rabbana tana iya ta da shi, tana iya kwantar da shi har abada.

Kuma ba aure kaɗai ba ne. Ku je Kantin Kwari a Kano ku tambayi manyan 'yan kasuwa, za ku tarar da yawansu yaran shago ne a da. Sun yi shekaru suna buɗe shago, suna ɗaukar dila, suna riƙe amana, har ubangida ya yaye su da jari. A garejin kanikawa haka ne, a wajen masu walda haka ne, a zauren karatu haka ne. Nemi wanda ya riga ka a hanyar da kake so, ka yi masa ladabi, ka yarda a aike ka. Sannan ka duba majalisarka. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. In abokanka aikinsu dariya ga duk wanda ya fara da tebur a bakin titi, ranar da ka kafa naka kai ne abin dariyar, kuma kunyarsu za ta hana ka farawa.

Kada ku ɗauka mai goyon baya shi ne mai yabon komai. Ku tuna dattijon da ke gefe ranar ɗora jinka. Bai taɓa ta da hannu ba, amma in babu shi a karkace za ta zauna, damina ta farko ruwa ya shiga. Kowa yana bukatar wanda zai iya ce masa nan ka karkace, ba tare da an ɓata ba. Shi ne ma zai raba maka haƙuri da taurin kai, don daga nesa kamarsu ɗaya. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romo, amma mai haƙuri yana gyara wuta, yana ƙara ruwa, yana tambayar waɗanda suka taɓa dafawa. In ka shekara biyar a kan abu ba ka ƙaru da komai ba, kuma mutum uku da suka san harkar, suke kuma ƙaunarka, duk sun ce ka sake lale, to sakewar ba gazawa ba ce. Iyaye kuwa, in ra'ayinku ya saɓa, kada ka yi musu tsaye. Nemi kawu ko malamin da suke jin nauyinsa ya shiga tsakani, ka nuna musu ƙaramin sakamako su gani da ido. Hanyar da aka shiga da albarkarsu ta fi saurin kaiwa ko da ta fi zagaye.

Na san a cikinku akwai mai cewa, "Malam, ni fa ba ni da kowa." Maraya ne, ko an riga an yi auren kuma ba a dace da mai fahimta ba. Ba zan ce maka abu ne mai sauƙi ba. Amma zan gaya maka abu biyu da na gani a ƙauyenmu. Ban taɓa ganin an tara maƙwabta don ɗaga jinkar da ba a haɗa ba. Ka ci gaba da tankarka a ƙasa, zagaye bayan zagaye, ko babu mai cewa sannu. Mutane sun fi saurin kawo hannu ga aikin da suka ga ya rage ɗagawa kawai.

Na biyun kuwa sai da na girma na lura da shi. Akwai wani magidanci a unguwarmu da duk ranar da aka yi kiran gayya sai ya ce bayansa na ciwo. Shekarar da ya haɗa tasa jinkar, kyakkyawa kuwa, ya fita ya yi sallama gida gida, kowa ya ba shi uzuri. Ta kwana bakwai a ƙasa, awaki suna cin shucin. Waɗanda ke zuwa ɗaga maka, yawanci waɗanda ka taɓa ɗaga wa ne. Don haka kafin ka tambayi wa zai zama maka Giɗaɗo, duba cikin gidanku. Wataƙila akwai ƙanwarka da kuɗin jarrabawa kawai ya tsare ta, ko aboki da ke bukatar ka raka shi wajen mai shago ka ce na san shi, ko matarka da ta daɗe tana son faɗa maka wani buri tana jin nauyi. Je ka kama musu gefe guda tun yau.

Allah ya nuna muku inda abincinku yake, ya sa halal ne, ya haɗa ku da masu ɗaga ku, ya sa ku ma a ce da ku aka ɗaga.